Gyara agogon bidiyon waya: a cikin Lightroom ko da ExifTool?

Da na zuba kayan bikin ƙanwata a kwamfuta, sai bidiyon kai amarya ya faɗo gaban hotunan da aka ɗauka tun tana ɗakin Inna. Abin ya dame ni, don jerin ranar ya hargitse. Dalili kuwa, hoto yana ajiye agogon garin da kake, amma bidiyon MP4 na wayoyin Android yana ajiye agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa 1, Saudiyya da awa 3, shi ya sa bidiyon alhazai ya fi karkacewa.

Hanya ta farko ita ce gyara a cikin Lightroom, manhajar tsara hotuna da gyara su: ka zaɓi bidiyon gaba ɗaya, ka matsar da su awa 1. Minti biyu an gama. Sai dai gyaran yakan tsaya a rumbun manhajar, ranar da ka koma wata manhajar hotuna kamar digiKam kana iya tarar da tsohon lokacin.

Hanya ta biyu ita ce ExifTool na Phil Harvey, mai gyara bayanan da ke cikin fayil ɗin hoto da bidiyo. Kyauta ne, kuma cikin fayil ɗin kansa yake rubutawa, ya bar maka kwafin asali a gefe. Wahalarsa, umarni ake bugawa da hannu. Ga kuma tarko: zaɓinsa na QuickTimeUTC, mai mayar da UTC zuwa agogon gari, da agogon kwamfutarka yake lissafi, don haka bidiyon Makka da ka gyara a Kano zai rage awa 2.

Ni dai ExifTool nake bi, ina sa lokacin a sunan fayil tun kafin in shigar da shi manhajar hotuna.