Sharhi: Faifan Dalida da waƙar "Paroles, paroles" da ta yi da Alain Delon

Waƙa ɗaya ce ta sa na sayi wannan faifan CD mai tarin waƙoƙin mawaƙiyar Faransa Dalida, kuma a kanta zan fi tsayawa: "Paroles, paroles" (wato "kalmomi, kalmomi", maganar fatar baki), wadda ta yi da ɗan wasan fim Alain Delon a 1973. Mu da muka yi boko da Faransanci, yawancinmu mun san amshinta ko da ba mu san mai ita ba. Na daɗe ina jin ta guntu-guntu a waya, inda ake yanko amshin kawai a ɗora a kan bidiyo. Da na saurare ta daga farko har ƙarshe, sai na gane cewa masu yankan nan suna zubar da rabin waƙar, kuma rabin da ya fi nauyi.

Tsarinta ba irin wanda aka saba ba ne. Delon ba ya rera komai. Magana yake yi, murya ƙasa-ƙasa, yana lallashi, yana yabon kyanta, yana roƙon ta saurare shi. Ita kuma Dalida tana rerawa, tana mayar masa da martani cewa duk wannan daɗin baki ne, ta sha jin irinsa. Ya kawo zancen furanni da taurari, ta ce ya kai wa wata. Har alewa da cakulan ta ce ba ta so. Mace ce da ta gaji da gafara sa ba ta ga ƙaho ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda Delon ya ɗauki nasa ɓangaren da gaske. Da ya yi maganar da sigar mayaudari, da waƙar ta zama wasan barkwanci, a yi dariya a wuce. Sai ya yi ta kamar mutumin da ya yarda da kowace kalma da ke fita daga bakinsa, har mai sauraro ya fara tausaya masa. Nan ne ƙin da Dalida take yi ya samu ƙarfi, domin ba ƙaramin abu take turewa ba. Kuma babu faɗa a muryarta, babu tsawa. Akwai gajiya, akwai ɗan sauran so da bai mutu ba. Wajen ƙarshe muryoyin biyu suna hawa kan juna, yana rantsuwa tana rera amshinta, babu mai jin wani. Wannan wurin sai da abin sauraro a kunne ake jin daɗinsa sosai, saboda a lasifikar waya muryar Delon nutsewa take yi a cikin kiɗan.

Asalin waƙar daga Italiya ne. Gianni Ferrio ne ya tsara kiɗan, Leo Chiosso da Giancarlo Del Re suka rubuta baitocin, mawaƙiya Mina da ɗan wasa Alberto Lupo suka yi ta a 1972 domin wani shirin talabijin na tashar RAI mai suna Teatro 10. Marubuciyar waƙoƙi Michaële ce ta mayar da ita Faransanci, aka fitar da ta Dalida a farkon 1973 ƙarƙashin kulawar ƙanenta Orlando, wanda shi ne ke riƙe da harkar faya-fayanta. Na nemi ta Mina a intanet na kwatanta su. Mina ta fi ƙarfin murya, wannan babu gardama. Amma a kunnena ta Dalida ta fi shiga zuciya, domin ta Mina kamar a kan dandali take, ta Dalida kuwa kamar a cikin ɗaki mutum biyu ke magana.

Wataƙila sanin da suka yi wa juna ya taimaka. Dalida, wadda sunanta na yanka Iolanda Gigliotti, an haife ta a unguwar Shubra ta birnin Alƙahira a 1933, iyayenta 'yan Italiya ne mazauna Masar. Ta ci gasar sarauniyar kyau ta Masar a 1954, sannan ta tafi Paris neman sa'a. A can ta haɗu da Delon tun su biyun ba su zama kowa ba, suna maƙwabtaka. Ita ta yi suna da waƙar "Bambino" a 1956, shi kuma fina-finai suka ɗaga shi daga 1960. Lokacin da suka shiga ɗakin ɗaukar murya domin wannan waƙa, abota ce ta kusan shekara ashirin a tsakaninsu, kuma ina jin wannan sabon a yadda take katse shi ba tare da shakka ba.

Karɓuwar da waƙar ta samu ta wuce Faransa nesa. Ta yi farin jini ƙwarai a Japan, inda dama ake ji da Delon. Dalida ta sake yin ta da Jamusanci tare da ɗan wasa Friedrich Schütter, Ajda Pekkan ta yi ta da Turkanci, kuma a 1996 Delon ya maimaita nasa ɓangaren a talabijin tare da Céline Dion. A Faransa amshin ya shiga bakin jama'a, har ana jefa shi ga 'yan siyasa idan sun yi alkawari ba su cika ba. Dalida ta rasu a Paris a watan Mayun 1987, Delon kuma a watan Agustan 2024, kuma bayan rasuwarsa waƙar ta sake cika gidajen rediyo da shafukan sada zumunta.

Game da faifan kansa, sautin yana da tsabta. Kiɗan mai laushi ne, mai ɗan rangaji irin na Burazil, kuma ana jin kowane kayan kiɗa a wurinsa ba tare da ya danne muryoyin ba. Sauran waƙoƙin ma ba na cike gurbi ba ne. Na yi murna da na tarar da "Salma ya salama" ta 1977, wadda ta rera da Larabcin Masar, domin a nan ake jin cewa Alƙahira ba ta taɓa fita daga ranta ba.

Ƙorafina biyu ne. Ɗan littafin da ke cikin kwalin hotuna ne kusan duka, babu rubutattun baitoci. Ga waƙar da rabinta magana ce a hankali, wannan rashi ne babba, musamman ga mai koyon Faransanci, wanda zai ƙaru sosai da lafazin Delon. Na biyu, an saka wata sabuwar siga ta waƙar a ƙarshen faifan, an ɗora mata kiɗan rawa na zamani mai bugun ƙirji. Ban ji daɗinta ba ko kaɗan. An gaggauta maganar da ke buƙatar natsuwa, aka mayar da Delon kamar ado a gefe.

Wanda amshin kawai yake so, abin da ke intanet ya ishe shi, kada ya kashe kuɗinsa. Wanda kuwa yake son jin yadda muryoyin biyu ke ja-in-ja, ko yake son sanin Dalida fiye da waƙa ɗaya, faifan ya cancanci kuɗinsa. Kafin a biya, a duba bayan kwalin a tabbatar sigar 1973 ce a ciki, domin akwai tarin da sabuwar kaɗai suke ɗauke da ita.