Maɗin inabin da na sayo a Kapadokiya

Kwalba uku na sayo a watan Oktoban bara, yanzu ta ƙarshe ta kai rabi, shi ya sa na ce bari in faɗi ra'ayina tun kafin ta ƙare. Turkawa na kiransa pekmez. Wanda ya san maɗin ɗinya ya riga ya san kamanninsa: ruwan 'ya'yan itace ne da aka dafa har ya yi kauri ya yi duhu, ba a zuba masa ko ƙwayar sukari ba.

A wani ƙauye kusa da garin Ürgüp, a yankin Kapadokiya na ƙasar Turkiyya, na same shi, gun wani tsoho da matarsa da ɗansu ɗaya. Gonar ba ta da girma. Kurangun inabin gajeru ne, a ƙasa suke baje, ba waya ba sanda, kututturensu duk ya murɗe ya tsage. Tsohon ya ce a haka ya gaje su daga mahaifinsa. Ƙasar fara-fara ce, mai laushi kamar toka, irin wadda duwatsu masu aman wuta na yankin suka amayar tun fil azal. Ba ban-ruwa, ba takin zamani. Da na tambayi taki, sai ya nuna mini ƙananan ramuka a jikin dutse can sama, ɗakunan tattabaru ne, kashinsu mutanen yankin suka daɗe suna zuba wa inabi. Irin waɗannan kurangu ba sa 'ya'ya da yawa, amma abin da suka bayar zaƙinsa a tattare yake. Wani kaso na farin inabin, wanda suke kira Emir, masu yin giya ke saye. Ni abin da ke tukunyar tsohuwar ne ya kai ni.

A gabana ta yi aikin. An zuba inabi a buhu, ɗan ya sa takalman roba wankakku ya tattake, ruwan na gangarowa cikin kwano. Sai ta barbaɗa wata farar ƙasa a ciki. Na zaro ido, ta yi dariya ta ce tsami take kashewa, kamar dai yadda ake sa kanwa a yakuwa. A bar shi ya kwana, ƙasar ta kwanta da dattin, a tsiyaye na sama. Washegari tun da asuba aka ɗora a babbar tukunyar tagulla, ana iza wuta da busassun rassan inabin, tana kwashe kumfa da ludayi har bayan azahar. Ɗakin ajiyarsu kuwa a cikin dutse aka sassaƙa shi, sanyi ƙalau ba firji, ga tulunan khal jere a gefe.

A baki, zaƙinsa ba ya gundura kamar na kanti. Akwai ɗan ɗanɗanon zabibi da ƙamshin hayaƙi a ƙarshe. Da safe nakan gauraya shi da niƙaƙƙen riɗi in ci da burodi yadda suke yi, yarana kuma sun fi son shi a kunun gyaɗa.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba. Murfin kwalba ɗaya bai rufu da kyau ba, ta tsiyaye mini a jaka. Kuma babu takarda a jiki, ko ranar da aka dafa ba a rubuta ba. Kuɗinsa ya kusa ninka na kanti, amma da na ga awannin da tsohuwar nan ta yi a bakin wuta, ban iya neman ragi ba. In Allah ya sake kai ni, biyar zan ɗauko, in naɗe kowace a leda.