Tankin ruwan zafin Ingila da ginin Yaya a Kano

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Na ga hotunan ginin, ma sha Allah har an rufa. Allah ya sa a shiga da rai da lafiya.

Ka tambaye ni ko irin tankin ruwan zafin da muka sa a gidanmu na Manchester zai yi maka, har ka ce in duba kuɗin saka shi a kwantena. Shawarata kada ka saya. Kayan na da kyau ƙwarai, amma bari in faɗa maka yadda yake aiki, kai da kanka za ka ga dalili.

Gidan da muke ciki tsoho ne, irin na jan bulo masu manne da juna. Tsarin da muka tarar shi ne wanda tsofaffin gidajen Ingila suka gada: tankin ruwan sanyi a cikin rufi, saman silin, sai silinda ta jan ƙarfe mai ajiye ruwan zafi a cikin kabad a hawa na sama, boila mai gas tana dafa ruwan. Nauyin ruwan kaɗai ke sauko da shi. Tankin bai fi mita biyu sama da kan shawa ba, don haka ruwan zuwa yake yi salalo-salalo, in wani ya buɗe famfon wanke hannu sai na wanka ya ƙara raguwa. Da yara suka tasa, safiyar makaranta ta zama layi a ƙofar banɗaki.

Sabuwar silindar rufaffiya ce ruf, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, tana cin lita 210. An cire tankin rufi gaba ɗaya, an haɗa ta kai tsaye da bututun kamfanin ruwa da ke shigowa daga titi. Akwai bawul a bakinta da ke daidaita ƙarfin ruwan a kan bar 3, wato kamar a ce ka ɗora tankinka a kan hasumiya mai tsayin mita 30. Yanzu mutum biyu na wanka a lokaci guda, na uku na wanke-wanke a kicin, ba wanda ya san da wani.

To amma kafin mai aikin ya faɗi ko kuɗin aiki, sai da ya ɗaura ma'auni a famfon waje. Ya ce in ƙarfin bai kai bar 1.5 ba, ko kuma famfon bai ba da wajen lita 20 a minti ba, ba zai sa ba, don asarar kuɗina za a yi. Ka ga ke nan rayuwar wannan tanki ta rataya ne a kan ruwan gwamnati mai zuwa da ƙarfi dare da rana. Kai kuwa burtsatse ka haƙa, sumo ke tura ruwa zuwa tankin sama. Sai ka ƙara wani injin matsa ruwa, shi kuma sai da wuta. Sannan mu nan gas ɗin bututu ne ke dafa ruwan, ba na tukunya ba. Silindar na da hitar lantarki a ciki don ko-ta-kwana, mai cin kilowat 3, kuma ko da ruwan Kano da ba shi da sanyi sosai, sai ta yi kusan awa uku tana ci kafin lita 210 su yi zafi. Ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne haɗarin da ke cikinta da yadda suka kewaye shi. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, a rufaffen mazubi kuma ba shi da wajen zuwa. In ma'aunin zafi ya lalace hita ta ci gaba da ci, ruwan zai wuce digiri 100 bai tafasa ba saboda matsi, da zarar ƙarfen ya tsage kuwa sai ruwan ya rikiɗe tururi nan take, tururi kuma na cin wuri ninki wajen 1,600 na ruwan. Ka san abin da ke faruwa in direba ya buɗe murfin lagireto mota na zafi. Haka ne, sai dai wannan lita ɗari biyu ne a tsakiyar gida. Shi ya sa sai a shekarun 1980 Birtaniya ta halatta sa irinta a gidaje.

Matakan tsaron hawa-hawa ne. Ma'aunin farko na tsayar da zafi a digiri 60, ba a kuma son a ajiye ruwa ƙasa da haka saboda ƙwayar cutar huhu ta Legionella da ke yaɗo a ruwa mai ɗumi-ɗumi. In ya gaza, akwai na biyu da ke yanke wuta da kansa, ba ya komawa sai mutum ya zo ya danna. In shi ma ya gaza, akwai bawul da ke buɗewa a wajen digiri 90 ya zubar da ruwan ta bututu zuwa waje. Ga kuma wata 'yar tukunya mai iska a ciki da ke karɓar kumburin ruwan kullum. A kan bututun zubarwa sun sa wani ɗan mazurari buɗaɗɗe, don mai gida ya ga ɗigon da idonsa ya san akwai matsala.

Ba kowane mai aikin famfo doka ta yarje wa taɓa ta ba. Sashen G3 na dokokin gini ya ce sai wanda ya ƙware a kanta. Ɓangaren gas kuma sai mai rajista da Gas Safe, wadda ta karɓi aikin rajistar a 2009. Mutumin da ya zo ya miƙo mini katinsa mai hoto da lamba tun ban tambaya ba, na duba a intanet na ga sunansa. Bayan ya gama aka sanar da ƙaramar hukuma, takardar shaida ta biyo baya, kuma ranar da za mu sayar da gidan lauyan mai saye zai neme ta. Garantin jikin silindar shekara 25 ne, da sharaɗin a duba ta kowace shekara a rubuta a littafinta. Wannan ɓangaren, Yaya, shi ne ba ya shiga kwantena.

A aiki guda muka sauya na'urorin ɗumama ɗaki. Da can wani ɗan maɓalli ne a bangon zaure, in ka murɗa duk gida ya ɗauki zafi, har ɗakin da ba kowa. Yanzu an raba hanyar ruwan wanka da ta ɗumama ɗaki, kowace da bawul ɗinta mai buɗewa da rufewa da lantarki. An sa wa kowane farantin ɗumi na bango, wanda ruwan zafi ke bi ta cikinsa, abin murɗawa mai lamba 1 zuwa 5, ga ma'aunin zafi marar waya da nake sarrafawa daga wayata. Kamfanoni irin su Hive da Nest da Tado duk suna yin sa. Falo muna barinsa tsakanin digiri 18 da 21, ɗakin baƙi a rufe. Na saita ruwa ya yi zafi kafin asuba don alwala, da azumi kuma in matso da shi lokacin sahur. Kada ka ɗauka gayu ne. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, sanyi na iya yi wa tsoho da jariri illa, kuma bayan da Rasha ta shiga Yukren a 2022 kuɗin gas ya yi tashin da sai da gwamnati ta sa baki a lokacin ta tsayar da kuɗin gas da lantarki na matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara. Ɗumama ɗakin da ba kowa a ciki zubar da kuɗi ne. Kai kuwa hunturunmu wata biyu zuwa uku ne, bargo da rufe taga sun isa.

Akwai kuma inda gida ya fi. Nan sai ka yi makonni kana jiran mai aiki, kuɗin hannunsa ya kusa kamo kuɗin kayan, kuma ba sa gyara, sauyawa suke yi. Tsohuwar silindar da wani mai walda a Ƙofar Ruwa zai raya ta shekara goma, wajen masu sayen tsohon ƙarfe ta tafi. Na yi kewar mai gyaran da za ka kira da safe ya iso kafin azahar.

Abin da zai yi maka yana nan Sabon Gari: hitar bango mai lita 30 ko 50 a kowane banɗaki, ko ma tankin da ke dafa ruwa da hasken rana a kan rufi, tun da rana Allah ya hore mana. Sai dai ka sani, ita ma hitar bangon rufaffiya ce, ƙanwar wannan tawa ce. Tana zuwa da ɗan bawul a bututun ruwan sanyi, mai ɗan hannu a gefe, wanda ke ɗiga in ruwa ya yi zafi. Ɗigon nan aikinsa ke nan. Na sha ganin masu aiki sun cire shi ko sun toshe bakinsa don kada mai gida ya ce aikinsu na yoyo, kuma wallahi tun da na fahimci abin da yake karewa hankalina bai kwanta ba. Ka tsaya a kansu su sa shi, su ja masa siririn tiyo zuwa magudana. Mai wayarin kuma ya haɗa wayar ƙasa, ya sa makunnin a wajen banɗaki.

Don Allah ka leƙa banɗakin Hajiya yau, ka ɗauko mini hoton ƙasan hitarta inda bututu biyun suka shiga, in gani ko bawul ɗin na nan. Ka gaishe ta da kyau, ka gaida Anti da yara.

Ƙaninka.