Switchboard: taskar hirar waya da nake aiki da ita

Duk mai koya wa kwamfuta gane magana, ina ba shi shawara ya saurari Switchboard da kunnensa kafin ya miƙa wa na'ura. Taskar hirarraki ce ta Turancin Amurka da kamfanin Texas Instruments ya tattara daga 1990 zuwa 1991 da kuɗin DARPA, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, cibiyar tattara bayanan harshe ta LDC da ke Jami'ar Pennsylvania kuma ke rarraba ta. Hira kusan 2,400 ce a ciki, daga bakin mutum 543, wajen awa 260.

Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne yadda aka ɗauki muryoyin. Mutum ya buga waya, kwamfuta ta nemo masa abokin hira, ta ba su batu ɗaya cikin kusan 70, sai ta bar su. Ba a haɗa mutum biyu fiye da sau ɗaya. Da yake daga layin dijital aka kwashi sautin kai tsaye, kowa da zirinsa daban, wato muryar kowane ɗaya an naɗe ta ita kaɗai. Wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Idan suka yi magana lokaci guda, sai in rufe ɗaya in ji ɗayan. A nan nake samun in'ina, dariya, katse juna, da wanda ya fara jimla ya watsar da ita ya kamo wata. Mai karanta rubutu a situdiyo ba zai taɓa ba ka wannan ba, ko ya so.

Sai dai waya waya ce. Sau 8,000 a daƙiƙa ake auna sautin, layin kuma ba ya wuce da abin da ya haura wajen haz 3,400 (haz ma'aunin kaifin sauti ne), wato yana yanke sautuka masu kaifi, shi ya sa "s" da "f" suke rikicewa ko a kunnen mutum. A wasu hirarrakin muryar ɗaya takan ɗan tsallaka zirin ɗayan. Mai nazarin furuci dalla-dalla gara ya nemi wata taskar.

Ga rubutun hirar, na fi amincewa da wanda Jami'ar Jihar Mississippi ta gyara. A tuna kuma wayar gida ce ta wancan zamani. Wanda na'urarsa za ta saurari masu salula a tsakiyar hayaniya, dole ya haɗa da sababbin muryoyi, kuma ya tanadi lasisin amfani da taskar daga LDC kafin ya fara.