Poly ko cibiya mai zaman kanta: ina hannun yaro zai fi faɗawa?

Salamu alaikum jama'a. Malam, na ga tambayarka cewa ƙaninka ya gama sakandare yana son walda, ka rasa ko poly za ka kai shi ko cibiyar koyon sana'a ta ɗan kasuwa. Ni dai a ganina abin da ya raba su shi ne waye ke riƙe da kuɗi kuma waye ke yanke magana, don daga nan ne ake sanin ko yaro zai riƙe injin da hannunsa ko a allo zai gan shi.

Ɗauki ta gwamnati tukuna. Poly irin Nuhu Bamalli nan Zariya ta jiha ce, Kaduna Poly kuma ta tarayya. A irin wannan tsari akwai majalisar gudanarwa da gwamnati ke naɗawa, sai rekta, sai shugaban tsangaya, sai shugaban sashe, can ƙasa kuma malamin firaktikal wanda shi ne yake tare da yara amma shi ne mai ƙaramar murya. In sandar walda ta ƙare ko dizal, takarda zai rubuta, ta bi ofis-ofis har wajen masu kuɗi, in sayayyar babba ce kuma sai an bi dokar kwangila, kafin nan wani lokacin zango ya yi nisa. TETFund, wato asusun tarayya na tallafa wa manyan makarantu, tana taimakawa da gini da injuna da tura malamai ƙaro karatu, kuma makarantun gwamnati kaɗai take ba wa, sai dai kayan da ake cinyewa kullum daga kuɗin gudanarwa suke fitowa, shi ya sa za ka iya ganin injin mai tsada a rufe da leda babu abin kunna shi. Wallahi wannan yana ci min rai.

Amma wannan dogon tsarin shi ne kuma kariyar yaro. NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta na nan Kaduna, ita ke tantance kwas, tana duba malamai da kayan aiki kafin ta amince. Manhaja a rubuce take, akwai SIWES, wato zuwa koyon aiki a masana'antu, na wata huɗu a ƙarƙashin ITF (asusun horar da ma'aikata) bayan shekarar farko, in ya gama ND, wato difloma, a shekara 2 takardarsa tana shiga ko'ina, zai iya wucewa HND, babbar difloma.

Cibiyar ɗan kasuwa fa? Nan mai wurin shi ne rekta shi ne ma'aji. Kaya sun ƙare da safe, kafin azahar an aiki yaro Sabon Gari ya sayo. Sabon salon ƙofa ya shigo gari, a satin za a fara koyar da shi ba sai kwamiti ya zauna ba, kuma da yake aikin kwastoma ake yi, yaro yana ganin yadda ake awo da yanka farashi da yadda ake dawo da aiki in bai yi ba. Ta fannin hannu kam sun fi sauri, ba na jayayya. Matsalar ita ce babu mai tsawata wa oga. In mai tsoron Allah ne an dace, in ba haka ba yaro zai shekara yana goge ƙarfe da zuwa aike, ga wasu ko gilashin kare ido ba sa bayarwa, kuma ran da mai wurin ya kwanta ciwo ko ya tashi, karatu ya tsaya ke nan. Satifiket ɗin da ya buga da kansa ma ba lallai wani kamfani ya kalla ba.

To in da ƙanina ne, kuma sakamakonsa ya kai, poly zan sa shi, sannan in nema masa shagon walda mai aiki da yawa ya riƙa zuwa Asabar da lokacin hutu. In kuma cibiyar kuka zaɓa, ka je da kanka ka tambayi mai wurin ko NBTE ta yi musu rajista, kuma wace jarrabawa suke sa yara, NABTEB ce (jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa) ko tiredi tes (gwajin sana'a) na ma'aikatar ƙwadago ko NSQ (shaidar ƙwarewar sana'a ta ƙasa), ya nuna maka takarda. Ko wacce ce ma ka je ranar firaktikal ba tare da sanarwa ba, ka ƙirga yara nawa ne a kan injin ɗaya, ka ja ɗalibi gefe ka tambaye shi yaushe rabonsa da kunna injin da kansa. Allah Ya yi masa jagora.