Zuba mutane cikin gurup ko neman yardarsu: amsa ga Hajiya mai turaren wuta

Hajiya, kin tambaya ko ki kwashi lambobin duk waɗanda suka taɓa sayen turaren wuta a wurinki ki zuba su cikin gurup na WhatsApp, ko kuwa ki riƙa neman kowace ta ajiye lambarki da kanta. Ni dai ta biyun nake ba ki shawara.

Gurup yana da sauri, domin yana ɗaukar mutum 1024, kuma cikin dare ɗaya za ki iya cika shi. Sai dai duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa, kuma a nan Damagaram matar aure da ta wayi gari ta ga baƙin lambobi suna yi mata sallama ba za ta zargi kowa ba sai ke da kika saka ta. Abokiyar sana'arki ma tana iya shiga ta kwashe miki masu saye ɗaya bayan ɗaya. Ga hotuna da bidiyo da ke cinye forfe ɗin, wato kuɗin intanet, da mutum ya saya don wata bukata dabam. Tun 2019 WhatsApp ya ba kowa damar hana a saka shi gurup ba da saninsa ba, wanda kuwa ya kunna wannan, gayyata kawai za ki iya aika masa, ita ma bayan kwana 3 ta lalace.

Hanya ta biyu tana tafiya a hankali. A nan jerin lambobi za ki haɗa a WhatsApp (broadcast), wanda ake aika wa saƙo guda a lokaci guda, ba ya wuce mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wadda ta ajiye lambarki a salularta. Wannan sharaɗi shi ne amfaninsa, tun da wadda ta ajiye ta riga ta yarda. Saƙon yana zuwa mata kamar ita kaɗai kika rubuta wa, amsarta kuma gare ki kaɗai take dawowa, ta yadda za ta taya kaya ko ta nemi bashi ba tare da idon jama'a ba.

Abin da ya fi wuya shi ne lokacin roƙon. Kada ki tare mace da neman lamba tun ba ta gama sallama ba, ki bari sai ta shaƙi turaren a kasko, kin ƙulla mata a leda kina miƙa canji, sannan ki ce: "Yaya, ki ajiye lambata, duk Laraba da dare zan turo miki sabon kaya da kuɗinsa, sau ɗaya kawai." Laraba ta dace saboda Alhamis ce babbar ranar Kasuwar Dole, kuma alkawarin sau ɗayan nan dole ki riƙe shi.

Akwai kuma tashar WhatsApp (channel) da ta fito a 2023, wadda ke ɓoye lambobin mabiya, amma ba a ciniki a cikinta. Masu zuwa daga Mirriya da ƙaramar salula marar intanet kuwa, kira ko saƙon SMS ne kawai zai same su.