Sharhi a kan samfurin Jaguar E-Type na rezin mai ma'aunin 1/43

Samfurin motar da na kammala haɗawa na Jaguar E-Type ne mai rufi, irin wadda kamfanin Jaguar ya fara ƙerawa, kuma ma'auninsa 1/43 ne, wato kowace santimita ɗaya a jikinsa tana wakiltar santimita 43 a jikin motar gaske, shi ya sa tsawonsa bai wuce santimita 10 da 'yar ɗoriya ba. Wani ƙaramin kamfani ne ya zuba shi da rezin, wato wani ruwa da ke daskarewa ya yi tauri kamar roba. A cikin kwalin akwai gangar jikin motar a dunƙule, da farantin ƙasa, da kujeru, da dashbod, da bamba da salansa na farin ƙarfe, da tayoyin roba, da gilasai na siririyar roba mai haske, da wani ɗan faifan ƙarfe mai kaurin takarda da aka fitar da ƙananan sassa a jikinsa. Ra'ayina shi ne siffar motar ta fita fiye da yadda na zata, amma kamfanin ya bar wa mai saye mafi yawan wahalar, kuma kusan dukkan wahalar tana zuwa ne kafin a buɗe kwalbar fenti.

Dalilin da ke sa mutum ya zaɓi rezin a kan samfurin roba na manyan kamfanoni yana cikin yadda ake yin su. Na roba ana matsa narkakkiyar roba ne cikin mazubin ƙarfe mai tsadar gaske, don haka sai motar da za a sayar da dubbai ake yi wa. Rezin kuwa ruwa biyu ne ake gaurayawa a zuba cikin mazubin silikon mai laushi, su daskare, kuma da yake mazubin yana lanƙwasuwa, yana iya sakin lunguna da kusurwoyin da mazubin ƙarfe ba zai saki ba. A mota irin E-Type wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka nuna ta a bajekolin motoci na birnin Janiba a ƙasar Switzerland a watan Maris na 1961, abin da ya ɗauki hankalin jama'a shi ne doguwar bonet ɗinta da lanƙwasar jikin da Malcolm Sayer ya tsara, kuma idan aka kuskure wannan lanƙwasar ko da kaɗan, mai kallo zai ji a ransa cewa ba ita ba ce. A wannan samfurin tudun tsakiyar bonet ya fita daidai, ƙananan tsagogin shan iska da ke gefensa biyu sun fito a jere tsaf, ana iya bin su da bakin allura ɗaya bayan ɗaya.

Aikin farko shi ne wanki. Ana shafa wa mazubi wani maiƙo domin rezin ya fita ba tare da mannewa ba, kuma maiƙon yana biyo sassan, ya hana fenti kamawa. Gangar jikin da ta zo mini tana da santsi sosai a hannu, alamar an yawaita shi. Na wanke kowane sashe da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, har sai da ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a jikinsa ya koma shimfiɗuwa. Wannan gwajin ruwan shi ne mafi sauƙin hanyar gane ko maiƙon ya fita.

Daga nan sai yanke ragowar zubi. Kowane sashe yana ɗauke da wani ƙullutu a wurin da aka zuba ruwan, kuma da yake rezin yana da saurin karyewa, ba a ɓalle shi da hannu ko da almakashi, sai da siririn zarto, a hankali, a bar ɗan saura a goge da sanfefa. Ina jaddada cewa ƙurar rezin tana cutar da huhu. Duk gugar da na yi a jiƙe na yi ta, da ruwa a gefe da takunkumi a fuska, kuma na ga abin takaici ne a ce takardar bayanin da ke cikin kwalin ba ta ce uffan a kan wannan ba.

Farantin ƙasa ya zo a ɗan karkace, ta yadda idan aka ɗora shi a kan gilashi kusurwa ɗaya tana tashi. Wannan sananniyar matsala ce, kuma maganinta ruwan zafi ne wanda bai kai ga tafasa ba: a tsoma sashen har ya yi laushi, a danne shi a kan abu mai shimfiɗa, sannan a saka shi cikin ruwan sanyi ya riƙe sabuwar siffarsa. Ya miƙe, bai kuma sake komawa ba.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne ƙananan ramukan da kumfar iska ke bari a cikin zubi. Da ido ba a ganin yawancinsu, domin rezin ɗin launin madara ne mai ɓoye aibi. Sai da na fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, na kamfanin Tamiya, sannan suka bayyana, musamman a ƙasan ƙofar hagu da gefen bakin gaba, inda suka yi jere kamar an tsattsaga wurin da allura. Irin wannan rami bakinsa ƙarami ne amma cikinsa yana da faɗi, saboda haka idan aka shafa masa foti, wato kwaɓin cike rami, haka nan, fotin yana rufe baki ne kawai, daga baya ya burma. Na riƙa buɗe kowanne da ɗan abin huda na hannu, in ɗiga masa sufagulu da tsinke, in goge kafin gam ɗin ya daɗe, domin idan ya kwana yakan fi rezin ɗin tauri, sai sanfefa ta ci gefe ta bar tudu. Manyan wurare kuwa wani foti mai suna Milliput na sa musu, wanda ake iya lallaɓa shi da jiƙaƙƙen yatsa kafin ya daskare. Bayan kowane gyara sai an sake fesa shimfiɗa a duba a ƙarƙashin fitila daga gefe. Na fara guga da sanfefa mai lamba 400, na bi da 600 da 1000, na ƙare da 2000, wadda ta fi su laushi. Layukan ƙofofi da na bonet ma na ƙara musu zurfi da bayan wuƙa, domin fenti da za a yi hawa-hawa yana iya cike su.

Wanda ya saba da samfurin roba ya sani cewa gam ɗinsa na yau da kullum ba shi da amfani a nan. Wancan gam narkar da roba yake yi ya haɗe ta, rezin kuwa ba ya narkewa da shi. Sufagulu na yi amfani da shi a ƙananan sassa, sai gam mai haɗin ruwa biyu, wato ifoksi, a wuraren da ke ɗaukar nauyi kamar ƙafafu, domin yana ba da 'yan mintuna a daidaita tayoyi huɗu su taɓa ƙasa tare kafin ya kama.

Fentin kansa bai ba ni wahala ba. Na zaɓi koren nan mai duhu da aka san motocin tseren Birtaniya da shi, na fesa da ƙaramar bindigar feshi, hawan farko kamar hazo, na baya kuma a ɗan jiƙe, ina barin kowanne ya bushe sosai. A wannan ma'auni kaurin fenti abokin gaba ne, domin abin da ba a lura da shi a hannu, idan aka ninka shi sau 43 ya zama kauri mai muni, kuma tsagogin bonet su ne farkon abin da zai nutse. Hawa biyu na fentin ƙyalli sun wadatar, sannan na goge da man gogewa da tsumma mai laushi.

A ƙananan sassa ne kamfanin ya fi burge ni. Wayoyin wili an yi su hawa-hawa a faifan ƙarfen, ana ɗan lanƙwasa kowane hawa ya yi kwari sannan a jera su cikin zobe, kuma idan an gama ana hango haske ta tsakaninsu kamar na gaske. An kawo waifa uku, kamar yadda E-Type ta farko take da su, abin da ke nuna wanda ya sassaƙa samfurin ya san motar. Sitiyarin mai hannu uku da ramukansa ya fita da kyau, na yi wa zobensa launin katako da siririn buroshi. Bamba da salansa biyun da ke fitowa a tsakiyar baya na farin ƙarfe ne, kuma gogewa kawai suka buƙata suka yi ƙyalli. Gefen tagogi na lulluɓe shi da siririn faifan ƙarfe mai mannewa da ake kira Bare-Metal Foil, wanda ya fi fentin azurfa tsabta nesa ba kusa ba.

Gilasai ne raunin wannan samfurin. Ba a yanke su ba, layin yankan da ke jikinsu kuma dishi-dishi ne, sai mutum ya riƙa rage su kaɗan-kaɗan yana gwadawa. Gilashin gaba ya zauna lafiya, amma na baya bai bi lanƙwasar rufin sosai ba, ya bar 'yar kafa a kusurwar dama da na cike da farin gam. Farin gam ɗin nan shi ya dace da duk wani sashe mai haske, har da murfin fitilun gaba, domin tururin sufagulu yana bar musu farin hazo mai wuyar fita. Da kamfanin ya saka gilasai biyu-biyu, kamar yadda wasu masu zuba rezin ke yi, da ya rage wa mai haɗawa fargaba. Takardar bayanin ma shafi ɗaya ce mai zane guda, babu tsarin abin da za a fara da abin da zai biyo baya, babu jerin launukan cikin mota, don haka da hotunan motar gaske na yi aiki.

Ba zan ba wanda bai taɓa haɗa samfuri ba shawarar ya fara da wannan ba. Wanda kuwa ya haɗa na roba biyu ko uku, yana da zarto da sanfefa da takunkumi, kuma zai iya jure maimaita shimfiɗa da guga har jikin motar ya yi sumul, zai same shi ya cancanci kuɗinsa. In ya saya, ya buɗe kwalin nan take ya ƙirga sassan ya duba gilasai, domin irin waɗannan kamfanoni kaɗan suke zubawa, mazubin silikon kuma yana lalacewa da amfani, sashen da ya ɓata ba lallai a same shi bayan shekara guda ba.